Sawun Mai Gyaran Keken Ɗinki

Shekara goma sha ɗaya na yi ina gyaran ɗakuna a wani babban otel a Kaduna, kuma abu ɗaya aka dasa mini a ka tun ranar farko: baƙo na fita, a shafe duk wata alama tasa. A cire zanin gado, a goge madubi, a buɗe taga, ko silin gashinsa ɗaya kada mai shigowa ya gani. Da wannan tarbiyya na tsallako iyaka na zo Gazawa. Kawuna ne, wanda ya daɗe yana fataucin wake tsakanin nan da Kano, ƙafafunsa suka gaza, ya ce in zo in riƙe gidan da yake sauke direbobinsa, in mai da shi masauki in ci abinci a ciki.

Gida ne mai ɗaki bakwai a bayan tasha, ginin ƙasa da aka yi wa fuskar siminti. Tsakar gidan yashi ne fari mai laushi, da famfo ɗaya a gindin itacen da mu muke ce wa darbejiya, su kuma su ce bedi. Kafin in zo na ɗauka ba wani baƙunta da zan yi, tun da Hausa ɗaya muke ji, alƙibla ɗaya muke kallo. Ashe ina buɗe baki an gama gane ni. In ce ofis, a gyara mini a ce buro, in ce babur, a ce moto. Jandarman da ke zuwa duba takarduna Bahaushe ne fes, amma da gangan yake yi mini Faransanci don ya ga ina zare ido. Allon da na sa aka rubuta wa masaukin suna mai daɗi ma ba wanda ya taɓa karanta shi. Daga direba har mai shayi, gidan ɗan Najeriya kawai suke cewa.

Tare da gidan na gaji wata dattijuwa mai shara da wanki, wadda kowa ke ce wa Gwaggo. Tun zamanin kawuna take nan. Mace ce mai tsafta, ba ta da surutu, ba ta da ɗauke-ɗauke, amma tana da wata ɗabi'a da ta tsaya mini a wuya. Duk baƙon da ya yi sallama ya tafi, sai ta bi bayansa ta zaɓi sawunsa ɗaya a yashi, wanda ya fito sosai, ta kife sakaina a kai. In sakaina ta ƙare, gwangwanin tumatir ma yi yake. Sai ta yi shararta tana zagaye su. Ranar da kasuwa ta ci, ka leƙo tsakar gidana ka ga kamar an shimfiɗa dara.

Na tambaye ta dalili tun makon farko.

"Mai gida, ba a share sawun matahiyi," ta ce. "Sai ya kwan ukku, ya isa inda za shi. Sannan in ɗauke."

"To in aka share fa?"

"Ka share mishi hanyar komowa ke nan. Kuma wani nashi na iya biyo shi neman ƙasar."

Ta yi mini bayani cewa in mutum ya yi nisa, uwarsa ko matarsa kan ɗebi ƙasar sawunsa ta ƙulle a tsumma ta rataye a ɗaki, ta riƙa kiran sunansa. Duk inda ya shiga a duniya, ƙafarsa za ta dawo da shi. Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce mata Gwaggo, nan masauki ne, kullum wani na fita, in haka ne yaushe za a yi shara? Ta ce ai ga shi tana yi. Na ce wannan camfi ne. Ta ce to, ta ci gaba da kife sakainarta. Na ƙyale ta, don wanki irin nata ba a samunsa ko'ina, amma duk safiya in na fito raina sai ya sosu.

A shekarata ta biyu, bayan an gama kaka, wani saurayi ya sauka a ɗaki na huɗu. Dogo ne, shiru-shiru, da 'yar jaka ɗaya. Daga wani ƙauye yake a yankin Sae Sabuwa, za shi arewa wajen haƙar zinari, yana jiran abokan tafiyarsa su iso da mota. Tuwon da aka kai masa haka aka ɗauke shi. Da safe motar ta zo, ya tsaya a zaure ya ce mini in wani ya zo nemansa in ce ban gan shi ba. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Gwaggo ta bi bayansa ta kife rabin ƙwarya a kan sawunsa, dab da bakin ɗakin.

Da hantsin ranar nan wani Alhaji ɗan garinmu ya biyo, mutumin da ya san ni tun ina sa farar riga da baƙin wando a Kaduna. Ya tsaya a tsakar gida yana juyawa, ya ƙidaya sakainun da sandarsa.

"Kai kuwa kaji kake kiwo ne a ƙarƙashin waɗannan? Duk aikin otel ɗin da ka yi, nan ka ƙare? Ka zama ɗan ƙauye wallahi."

Da mutumin Gazawa ne ya faɗa, da ko a jikina. Amma ɗan gida ne, wanda zai koma ya ba da labari a majalisa. Kunya ta rufe ni, ta juye ta zama fushi. Yana fita na bi sakainun nan da ƙafa ɗaya bayan ɗaya, na ɗauki tsintsiya da kaina, na share tsakar gidan tun daga bangon baya har zaure. Masu wucewa suna leƙowa suna dariyar ƙato da tsintsiya, ban kula su ba. Da Gwaggo ta dawo daga kai niƙa, ta tsaya da ƙwarya a ka tana kallon yashin, sumul, ba ko tabo.

"Duka ka share?"

"Duka. Kuma daga yau kada in sake ganin sakaina a gidan nan."

"Har na ɗan nan na ɗazu?"

"Har nashi."

Ta sauke ƙwaryarta ta shiga madafa.

A daidai kwanakin nan akwai wani baƙo a ɗaki na biyu, mai gyaran keken ɗinki daga wajen Daura. Sau ɗaya yake zuwa a shekara, bayan kaka, ya zaga teloli kasuwa kasuwa da akwatinsa na katako, sannan ya koma gida sai baɗi. Gajere ne kakkaura, kullum yana ƙanshin man keke, ga barkwanci. Da ni da shi mukan zauna mu yi gulmar mutanen nan, yadda suke shan fura safe da rana da yamma ba sa gajiya. Jin Hausarsa kaɗai kan sa in ji kamar na leƙa gida. Kwana biyu bayan sharar nan ya gama zagayensa. Da safe ya yi alwala a bakin famfo, ya sauko daga kan dutsen da ake tsayawa a kai ya taka jiƙaƙƙen yashi da ƙafarsa ta hagu kafin ya laluɓo silifa. Ina tsaye ina kallonsa. Muka yi musabaha, ya ce sai baɗi in da rai.

Da tsakar rana wata tsohuwa ta yi sallama a zaure. 'Yar ƙarama ce, busasshiya, ƙafafunta fari fat da ƙura, ta ɗaura zani ɗaya ta yafa ɗaya. Ta ƙi zama.

"Nan na gidan ɗan Najeriya? An ce min ɗana nan yak kwana."

Da ta kwatanta shi na gane saurayin ɗaki na huɗu ne. Ban iya ce mata ban gan shi ba. Na ce ya kwana, ya wuce shekaranjiya.

"Na san ya wuce. Ba shi nika nema ba, sawu nai nika so. Ina bakin rijiya yat tahi. Bisa moto yah hau tun ƙohwar gida, ko ƙasa bai taka min ba. Shi ɗai gare ni, Malam. Direban da yak kawo shi ya ce gidan ga ba a share sawun baƙo."

Kwana biyu ta yi a hanya, amalanke, ƙafa, mota. Gwaggo na tsugune a gindin bedi tana wanki, na ji sautin ruwan ya tsaya. Abin da ya kamata in faɗa gajere ne, amma tsohuwar nan ta zuba mini ido kamar wanda ya riƙe mata maganin ciwo. Kuma a raina na ce, yashi ai yashi ne, wanne ne zai dawo da mutum daga hamada? Na waiga. A duk tsakar gidan sawu ɗaya ne ya fito raɗau, na bakin famfo.

"Ga shi can, Inna."

Ta je ta durƙusa a kansa. Ta daɗe tana kallo.

"Ƙahwa tai ta yi hwaɗi," ta ce a hankali.

"Yashin ne da danshi, Inna. Buɗewa yake."

Har yau wannan ƙarya ta biyun ta fi ci mini rai. Ta farko tsoro ne da tausayi suka fizge ta daga bakina, amma ta biyu zama na yi na ƙera ta. Tsohuwa ta gyaɗa kai. Ta sa hannu biyu ta kwaso yashin daga yatsu zuwa diddige, tana jawowa wajen ƙirjinta, ta zuba a wani tsumma baƙi ta ƙulle. Ta kai ƙullin bakinta ta kira sunan ɗanta sau uku. Ta ƙi cin abinci, ruwa kawai ta sha. Sannan ta kama hannuna ta yi ta sa mini albarka, ta ce Allah ya mai da ni gaban uwata lafiya, ta faɗi sunan ƙauyensu ta ce in na biyo ta can in tsaya in sha hura.

Da ta fita Gwaggo ta ɗago.

"Ka san abin da ka yi?"

"Na kwantar wa tsohuwa da hankali. Yashi ne, Gwaggo."

"Yashi ne," ta ce, ta mai da hannunta cikin ruwa.

Kwana tara bayan haka, rana tsaka, sai ga mai gyaran keke da akwatinsa. Na yi murna, na ce lafiya, ko baɗin ce ta yi sauri? Ya yi dariya ya ce mantuwa ya yi. Muka shiga ɗaki na biyu muka ɗaga katifa, muka leƙa ƙarƙashin gado, babu komai. Na ce me ka manta? Ya sosa ƙeya ya ce shi ma abin da yake son tunawa ke nan. Ya fito ya tsaya a bakin famfo. Gurbin da tsohuwa ta kwashe yana nan, ɗan rami kamar tafin hannu biyu. Sau uku ina cike shi yana lotsawa, na ce ɗigon famfo ne. Ya tsaya yana kallon ramin, ya kwana ɗaya, ya koma.

Bayan mako biyu ya sake dawowa. Sannan bayan kwana goma. Babu telan da ya kira shi, duk kekunan yankin ya riga ya gyara su. Barkwancin ya ragu, rigarsa ta fara yi masa yawa. Ba ya shiga gari. Sai ya jawo tabarma gindin bedi ya zauna, fuskarsa na kallon yamma, inda ba komai sai bangon makewayi. In na zauna kusa da shi na jawo hirar fura, sai ya yi murmushi kawai.

"Mai masauki," ya ce mini wata rana, "ka taɓa zama a gidanka, cikin iyalinka, kana cin tuwo, ka ji kamar ana jiranka a waje?"

"Kira kake ji?"

"Ba murya ba ce. Kamar dai ka bar tukunya a kan wuta a wani gida, ka manta wane gida ne. In na zo nan sai ya lafa kaɗan. Amma yanzu nan ɗin ma ji nake kamar ban ƙarasa ba."

Na ce masa gajiya ce, ya je likita a auna jininsa. Na tashi na shiga ɗaki na rufe ƙofa, don kada ya ga fuskata.

Wanda bai zauna a Gazawa da bazara ba bai san shirun tsakar rana ba. Tasha kan mutu, masu moto su watse, awaki su manne da bango, ko kukan kurciya ba ka ji. A irin wannan lokaci ne abin da ya fi tsorata ni ya faru. Ranar ba ni da baƙo ko ɗaya. Gwaggo ta share tsakar gida da safe ta tafi suna. Ina zaune a zaure, ƙofa ɗaya ce gidan, kuma ƙafafuna a miƙe suke sun tare hanya. Ban yi barci ba, na rantse, rediyo nake ji. Da na tashi zan yi alwalar azahar, sai na ga sawu a kan sharar, ƙafa ba takalmi, ya tashi daga bakin zaure ya miƙe har famfo. Na bi shi da ido. A bayan bedi na same shi zaune, akwati a cinya, silifansa a hannu, leɓɓansa sun farfashe.

"Yaushe ka shigo?"

"Na yi maka sallama," ya ce. "Ka amsa."

Da la'asar na je wurin limamin unguwa na kwashe labari na gaya masa, ina fatan ya wanke ni. Ya ce ƙulla ƙasar sawu camfi ne, ba ya kawo kowa ba ya hana kowa, mutumin nan a kai shi asibiti a yi masa addu'a. Har na fara sakin numfashi. Sai ya ƙara da cewa amma ƙaryar da na yi wa tsohuwa ita ba camfi ba ce, tana nan a wuyana. Na dawo gida na fi yadda na tafi nauyi.

Daga wannan zuwan bai sake dawowa ba. Na ce alhamdu lillahi, abin ya sake shi. Sai direbobi suka fara kawo labari. Wani ya gan shi a Agye yana zaune a bakin hanya. Bayan kwanaki wani ya ce ya rage masa hanya zuwa Cadawa, bai ce uffan ba har ya sauka. Kullum yamma yake ƙara yi. Sannan labari ya yanke.

Wata safiya wayata ta yi ƙara, lambar Najeriya. Muryar mace ce, da Hausar Daura, tana magana a ɗarare kamar mai tsoron ɓata mini lokaci. Matarsa ce. A jikin wata takarda cikin aljihun tsohuwar rigarsa ta sami lambata. Kwana ashirin da shida ba su gan shi ba, wayarsa a kashe.

"Malam, ban san ko wani laifi muka yi masa ba. In ka gan shi, don Allah ka ce ya zo. Ba sai ya kawo komai ba. Ka ce masa ƙaramar ta fara tafiya, bai gani ba."

Na ce to. Na ce in Allah ya yarda. Da na kashe wayar Gwaggo na tsaye a bayana da tsintsiya, ta ji komai.

"Ka san inda shi ke," ta ce. Wata biyar ke nan ba ta tayar mini da zancen ba, kuma iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Washegari na bar mata makullai na shiga motar Maraɗi. Daga can na ɗauki ɗan moto zuwa Sae Sabuwa, muka yi tambaya, muka saki hanya muka shiga yashi. Gonaki an share su ana jiran ruwa, ba kowa a ciki. Duk tafiyar nan ina faɗa wa kaina cewa wahalar banza nake, zan tarar da tsohuwa ita kaɗai, in faɗi gaskiya in sha zagi in dawo. Wallahi zagin nake fata.

Rana na tsaka muka shiga ƙauyen. Wata mata a bakin rijiya ta nuna mana gidan da baki, can ƙarshen gari, ɗaki biyu da rumbu ɗaya. Dangar gidan sabuwa ce, an ɗaure karan tsaf, ɗaurin mutum mai kyakkyawan hannu. A ƙarƙashin rumfa wani mutum na zaune yana sa wa hauya ƙota. Rigar jikinsa ta dogon mutum ce, ta sauko masa har ƙwauri, an naɗe hannuwan. Ya ɗago ya dube ni ba tare da mamaki ba.

"Mai masauki. Kai ma an kira ka?"

Ya yi ƙiba kaɗan, fuskarsa a kwance, irin kwanciyar da ban gani ba tun kaka. Na tambaye shi yadda aka yi ya zo nan. Ya ce wani ne ya ce masa akwai keken gyara a garin, ya manta ko waye. Da ya zo babu keke ko ɗaya. Ya yi sallama a gidan nan neman ruwa, shi ke nan.

Tsohuwa ta fito daga ɗaki da ƙwaryar fura. Ta gane ni nan take. Ta aje ƙwaryar a gabansa, ta ce in zo daga ciki. Muka tsaya a bayan rumbu. Na durƙusa. Duk jawabin da na shirya a mota ya gudu, na ce mata kawai sawun da na ba ta ba na ɗanta ba ne, na wannan mutumin ne, kuma ina sane na yi.

"Na sani," ta ce. "Ran da yay yi sallama ƙohwar gidan ga, ƙahwa tai na hwara duba."

"To Inna, me ya sa..."

"Ni nak kira, shi ya amsa. In kore shi? Wata biyar ina kira dare da rana, Malam. Wanda duk Allah ya kawo min, ina kore shi?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ya gyara mata danga, ya toshe rufin ɗaki, yana ɗebo mata ruwa. Ta ce in ya ce mata Inna daga bayan ɗaki, in ba ta waiga ba, takan samu ɗan lokaci kaɗan. Ban tambaye ta lokacin me ba. Na gaya mata yana da mata a Daura, da 'ya'ya, da ƙaramar da ta fara tafiya bai gani ba. Na ce matar ta kira ni tana tambaya ko laifi suka yi masa.

Sannan ta juya ta shiga ɗaki. Ta fito da baƙin tsumman nan, ya yi maiƙo saboda riƙo. Ƙullin ya ƙi kwantuwa, ta sa haƙori. Ta je ƙofar gida ta zazzage yashin a ƙasa, ɗan kaɗan ne, bai fi cikin ludayi ba, ta kakkaɓe tsumman.

Ban ga wani abin mamaki ba, kada in ƙara ƙarya a kan ƙarya. Iska ba ta taso ba. Mutumin ya ci gaba da buga ƙotarsa har ta zauna, ya jingine hauyar. Ya sha fura. Sai ya dubi rigar jikinsa, ya dubi rumfar, ya dubi rana.

"Kai, yau wace rana ce?" ya ce.

Na faɗa masa. Ya yi salati ya miƙe zumbur. Ya tuɓe rigar ya ninke ta ya aje a kan tabarma, ya zaro tasa daga akwati. Ya ce wa ɗan moton da ya kawo ni ya taimaka ya kai shi bakin titi yanzu yanzu. Da zai hau ya waigo.

"Baba tsohuwa, an gode da ruwa. Allah ya saka."

Haka ake gode wa matar da aka tsaya a ƙofarta rabin sa'a. Moto ta tashi. Ta bi shi da ido har ƙarar ta ɓace, tsumman na hannunta. Na yi murna don matar Daura, ba zan ɓoye ba, amma ban taɓa jin na tsani kaina kamar a wannan tsayuwar ba.

"Na ɗana hwa?" ta ce, ba ta dube ni ba.

"Na share shi, Inna. Tun ranar da ya tafi."

"Da hannunka?"

"Da hannuna."

"Ko saƙo bai aiko ba," ta ce. "Waɗanda sunka tahi tare, biyu sun komo. Sun ce sun rabu da shi wani wuri, ba su san sunan wurin ba."

Gabas ta fara haɗa gajimare, irin na farkon shekara da ba ya zubarwa. Ta dube shi, ta dubi hauyar da aka jingine, ta dubi rigar da ke ninke a tabarma. Sannan idonta ya sauko kan ƙafafuna. Takalmi ne rufaffe, baƙi, na goge shi da safe kamar yadda na saba.

"Hidda takalminka," ta ce.

Na san abin da liman ya ce. Na san ina da masauki mai ɗaki bakwai da ke jirana, da ƙasata a ƙetaren iyaka, da mutanena a cikinta. Ba wanda ya riƙe ni, tsohuwa ce da iska mai ƙarfi za ta iya kayarwa. Na sunkuya na kwance igiyar, na cire safa. Yashin ƙofar gidan ya yi zafi kamar kasko. Na taka da ƙafar dama, na danna sosai don ya fito, na ɗaga a hankali.

Ta durƙusa ta shimfiɗa tsumman. Ta kwaso daga yatsu zuwa diddige, tana jawowa wajen ƙirjinta, ta ƙulle. Ta kai shi bakinta, sai ta tsaya. Duk abin nan ɗan Najeriya kawai ta sani.

"Mi ne sunanka?"

Na faɗa mata na gaskiya.